Idan Mai Farmasi Ya Ce "Babu", Ina Mai Ƙurjin Leɓe Zai Nufa?



Wata ƙanwarmu ta unguwa ta tashi da safe ta ji leɓenta na sama yana mata tsikari, kamar an ɗiga mata ruwan tonka. Ta san abin, don ba yau ya fara zo mata ba. Saura kwana huɗu bikin yayarta. Ta tari kabu-kabu ta nufi farmasi, aka ce mata man ya ƙare. Ta je na biyu, yaron da ke kan kanta ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce: "Akwai ruptir, hajiya, sai wani sati." Na uku ma haka. Ta kashe jika guda da rabi a kuɗin hawa kawai. A hanyar komawa gida, bakin tasha, wani mai tebur ya miƙo mata wani ɗan bututu ya ce: "Ƙanwata, wanga shi ne daidai, har ma ya fi na farmasi ƙarfi." Ta saya, ta shafa safe da dare. Ranar biki ƙurjin ya bazu har ƙasan hanci, ta wuni da mayafi a baki. Daga baya wani ma'aikacin jinya ya duba bututun ya ce mata betametazon ne, irin man da ke danne garkuwar fata.

Mun san abin da wasu za su rubuta mana: ƙasar da masassarar cizon sauro ke ɗauke ɗiya kowace damina, sanƙarau na jiran bazara, ku kuma kun zo kuna magana a kan ƙurjin baki? Tambayar tana kan hanya. Amsarmu ita ce, hanyar da yarinyar nan ta bi, daga farmasi zuwa farmasi har ta ƙare a gaban tebur, ita ce dai hanyar da mai hawan jini da mai ciwon suga da mai farfaɗiya ke bi ranar da nasu maganin ya yanke. Bambancin kawai, ita ta tsira da kunyar biki, su kuwa wani lokaci da ransu suke biya. Sannan shi kansa ƙurjin nan da muke rainawa, akwai mutanen da yake iya makantarwa, akwai jariran da yake kashewa. Za mu zo wajen.

Mu fara sanin ciwon

Abin da muke kira ƙurjin masassara, masu farmasi suna ce masa "bouton de fièvre", wata ƙwayar birus ce ke kawo shi, sunanta herpes simplex kala ta 1. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum miliyar 3.8 ƴan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin 100. Ka duba fadarku da daren nan: cikin mutum goma da ke jiran shayi, shida ko fiye suna tare da ita, ko da ba ta taɓa fito musu ba. Akasari tun muna yara muka ɗauka, ta sumbar iyaye da dangi, ta yawu, ta cokali da kofin da ake zagayawa da shi. Don haka masu tsokanar nan ta "wa ya cije ki?" da masu kallon mai ƙurjin kamar ya aikata wani abin kunya, su sani babu ilimi cikin maganarsu.

In ta shiga jiki ba ta fita. Tana laɓewa cikin wani ƙullin jijiya da ke can ciki, wajen gefen kunne, ta yi barcinta. Ranar da jiki ya raunana sai ta farka, ta biyo jijiyar ta fito a leɓe. Abubuwan da ke tada ta duk mun san su a ƙasar nan: masassara, mura, zafin ranar Afrilu da Mayu, iskar hunturu mai tsaga leɓe, gajiya da rashin barci, al'adar mata, fargabar jarrabawa. Ɗaliban da ke shirin BEPC ko BAC sun san zancen.

Tafiyarsa kusan ɗaya ce kullum. Da farko tsikari ko ƙaiƙayi ko ɗan zafi na wuni guda. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri ɗaya. Su fashe, su yi ɓawo, ɓawon ya faɗi. Ga mai lafiyar jiki, cikin kwana 7 zuwa 10 ya warke da kansa, wani lokaci ya kai sati biyu. Yana yaɗuwa tun daga tsikarin farko har sai fatar ta koma daidai, kuma lokacin da yake tsiyayar ruwa ya fi kama wani.

Akwai maganar da tsofaffinmu ke yi, wai in ƙurjin ya fito to masassara ta fita ke nan. A yi hattara da wannan. Fitowarsa alama ce jiki ya jigata, ba ta nuna ciwon da ke ƙasa ya tafi. In kana jin zazzaɓi da ciwon kai da sanyi, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, je CSI a yi maka gwajin masassarar sauro na yatsa. Kada ka tsaya neman man leɓe alhali babban ciwon yana cikin jini.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa game da man

Maganin da aka fi nema sunansa na asali aciclovir, a karanta "asiklobir". Da yawa sun san shi da sunan kamfani, Zovirax. An gano shi a shekarun 1970 a Amurka, kuma Gertrude Elion, wadda ta jagoranci aikin gano yadda yake yaƙar birus, ta samu kyautar Nobel a 1988. Yau ba kayan kamfani ɗaya ba ne, kamfanoni da yawa na yin sa, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na OMS. Akwai na shafawa mai kashi 5 cikin 100, akwai ƙwaya, akwai na ƙarin ruwa da ake sa wa marasa lafiya a asibiti, akwai kuma wani na daban da aka yi don ido kaɗai.

Shi na shafawar, sau biyar ake sa shi a wuni, kamar kowane awa huɗu, har kwana biyar. Amfaninsa yana wurin farawa da wuri, tun ana jin tsikari. Ko an yi komi daidai, abin da yake ragewa bai wuce rabin wuni zuwa wuni guda ba cikin kwanakin ciwon, tare da ɗan sassauta zafi. In ƙurjin ya riga ya fashe ya yi ɓawo, amfaninsa kaɗan ne ƙwarai. Ba ya kuma kashe birus ɗin daga jiki, babu wani magani a duniya da ke yin haka zuwa yanzu. Duk wanda ya ce maka yana da garin da ke "fidda shi gaba ɗaya", kuɗinka yake so.

Wannan bayani da za a yi wa ƙanwarmu cikin minti biyu a farmasin farko, da ta koma gida hankali kwance da kuɗinta a jaka. Abin da ya ba mu haushi ke nan. Rashin man bai cutar da ita kamar yadda rashin bayani ya cutar da ita ba.

In babu man, mi za a yi?

Ga mai lafiyar jiki wanda ƙurjin ya tsaya masa a leɓe, abin yi ba shi da tsada. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin da bayan an taɓa. A shafa Vaseline ko man kaɗe mai tsabta don kada ɓawon ya tsage ya yi jini, kuma a ɗebo shi da auduga, kada a mayar da yatsa cikin kwalba. In yana zafi, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a ɗora na ƴan mintoci, ko a sha parasetamol yadda aka rubuta a takardarsa. A rage yaji, tsami da gishiri na ƴan kwanaki. A sha ruwa. A sa malfa ko mayafi in za a daɗe cikin rana. Kada a fasa, kada a ɓanɓare ɓawon, komi ƙaiƙayinsa.

Sai abubuwan da muke gani ana yi, waɗanda ke mayar da ciwon kwana goma ya zama na wata guda. Ana buɗe kafso a barbaɗa garin a kai. Magungunan nan irin su amoksisilin da tetrasiklin, ƙwayoyin bakteriya suke kashewa, ba su da iko a kan birus, kuma yin wasa da su shi ke sa ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Ana shafa man goge baki, lemun tsami, kanwa, toka, turare, har da ruwan jabel. Duk ƙona fata suke, su bar tabo. Mafi muni shi ne mayukan da ke ɗauke da kortizon, irin betametazon da klobetazol, waɗanda ke cike a tebura kuma suke cikin mayukan bilicin da yawa. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi a daren farko, sai mutum ya ce magani ya karɓe shi, alhali sun kori masu gadin fatar ne, birus ta samu fili.

A fada kuma, mu ji tsoron Allah. Mai ƙurji ya riƙe kofin shayinsa shi kaɗai har ya warke, kuma kada abokai su mai da abin na dariya. Haka cokali, tawul, jan baki, man leɓe, bututun shisha, robar ruwa. Ma'aurata su haƙura da sumba da duk wani kusancin baki har fatar ta warke, don birus ɗin tana iya sauka a al'aura.

Waɗanda ba za su jira ba

A nan ne maganar ta daina zama ta kwalliya.

Na farko jariri. Cikin makonnin farko na rayuwa, garkuwar jikinsa ba ta iya tare wannan birus. Tana iya shiga jininsa, hantarsa, ƙwaƙwalwarsa. Ku tuna yadda muke yi ranar suna: ɗa ɗan kwana bakwai yana yawo daga hannun gwaggo zuwa na inna zuwa na maƙwabciya, kowa na sumbata, kowa na tofa albarka. Al'ada ce mai kyau, amma mai ƙurji a leɓe ya yi addu'arsa daga nesa, Allah na ji. Kada ya sumbaci jaririn, kada ya tauna wani abu ya sa masa a baki. Mu matasa mu ne za mu iya faɗin wannan cikin ladabi: "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana, bari bakin ya warke tukuna." Fushin gwaggo na wuni guda ne. In uwar ce da kanta ke da ƙurjin, ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu, ta rufe bakinta da takunkumi, sai fa in ƙurjin a kan nonon yake, nan ta nemi shawarar ungozoma ko likita. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Na biyu ido. Mutum ya sosa leɓe ya murza ido, ko mace ta taɓa wurin ta ɗauki maciyin kwalli. In ido ya yi ja, yana zafi, yana hawaye, ba ya son haske, ko gani ya dushe, wannan aikin likitan ido ne a ranar. Man leɓe ba ya shiga ido. Maganin ɗigawa mai kortizon da ake saye a kasuwa kuwa yana iya cinye baƙin idon gaba ɗaya.

Na uku masu raunin garkuwar jiki: masu ɗauke da sida, musamman waɗanda ba su kan magani, masu shan maganin kansa, masu shan kortizon na dogon lokaci, yaran da tamowa ta kama. A wurinsu ƙurjin na iya faɗaɗa, ya zurfafa, ya ƙi warkewa. Haka masu ciwon fata mai ƙaiƙayi da ake kira egzema, birus ɗin na iya bin fatar ta bazu ko'ina tare da zazzaɓi.

Na huɗu ƙaramin yaro da abin ya kama karon farko: baki duka ya yi gyambo, dasashi ya kumbura, yawu na zuba, ya ƙi ci ya ƙi sha. Haɗarinsa ƙarewar ruwan jiki, ga zafin ƙasarmu. Sai kuma duk wanda ƙurjinsa ya wuce kwana goma bai nuna alamar warkewa ba, ko yake dawo masa a kai a kai cikin shekara, ko ya haɗu da matsanancin ciwon kai da ruɗewa.

Waɗannan duka ba man shafawa suke buƙata ba. Ƙwaya ce ko ƙarin ruwa, kuma likita ke rubutawa, shi ke auna adadin, don maganin yana bi ta ƙoda. Kada kowa ya sayi ƙwayar asiklobir a tebur ya sha da ƙiyasi. A kuma sani ba duk ƙurjin baki ne wannan ba. Akwai gyambon cikin baki da ba ya yaɗuwa, akwai tsagewar kusurwar baki da ke zuwa da ƙarancin abinci mai gina jiki, akwai ƙurajen yara masu ɓawo ruwan zuma waɗanda bakteriya ke kawowa. Kowane da maganinsa, shi ya sa idon ma'aikacin lafiya ke da amfani.

Mi ya sa magani ke yankewa?

Kusan duk maganin da muke sha daga waje yake zuwa, daga Indiya, Sin, Turai da wasu ƙasashen Afirka. Ba mu da teku, don haka sai ya sauka a tashar jirgin ruwan wata ƙasa, ya hau mota ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso Yamai, sannan a ɗora masa tafiyar Tawa, Maraɗi da Damagaram. Mun ga abin da wannan ke nufi a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakokin Benin da Nijeriya suka rufe, kwantenoni suka maƙale a hanyar Kwatano, masu farmasi suka fito suna kukan kantocinsu na bushewa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ba ta koma yadda take ba, kaya suka koma bin Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, lokacin isowa ya zama sai yadda hali ya yi.

A irin wannan yanayi, dillalin magani mai ƙarancin jari zai fara oda da abin da ke fita da sauri. Ƙananan kaya irin ɗan bututun man leɓe su ne na ƙarshe a lissafi, su ne na farko wajen ɓacewa. Mun fahimci wannan, kuma in aka ce mu zaɓa tsakanin insulin da man leɓe, insulin za mu zaɓa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sallami mutum da kalma ɗaya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace "babu" da aka faɗa ba tare da bayani ba, ciniki ce aka tura wa mai tebur. Shi kuwa ba ya taɓa cewa babu. Kayansa sun sha rana a kan tire, wasu sun wuce wa'adi, wasu ba a san inda aka yi su ba. A 2017 OMS ta ce magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Mu a Nijar ba sai an ba mu labari ba: a annobar sanƙarau ta 1995, fiye da mutum 50,000 aka yi wa allurar rigakafi ta jabu. A Janairun 2020 ƙasarmu na cikin waɗanda suka shiga yunƙurin Lome na yaƙi da jabun magunguna. To yaƙin nan ba a cin sa da kame da ƙona kaya kaɗai. Muddin ƙofar halal na rufewa a fuskar talaka, zai bi ta taga.

Ba kuma muna zagin yaran da ke yawo da tiren magani ba ne. Da yawansu ƙannenmu ne da suka rasa aikin yi. Amma neman abincin wani ba zai zama dalilin makantar wani ba.

Abin da muke nema

Ga masu farmasi, da girmamawa. Ku kuka yi shekaru kuna karatun nan, ku ne ma'aikatan lafiyar da talaka ke iya gani ba tare da layi ko tikiti ba. Ku koya wa yaran kantarku cewa "ya ƙare" farkon magana ce. In an zo neman Zovirax, a duba ko akwai asiklobir na wani kamfani, a faɗa wa mai saye cewa abu ɗaya ne a cikin bututun, sau da yawa ma ya fi araha. A yi masa tambayoyi huɗu: yaushe ya fara, akwai zazzaɓi, ya taɓa ido, akwai jariri ko marar lafiya a gida? Daga amsar za a san wanda za a ce wa ya koma gida ya shafa man kaɗe, da wanda za a ce wa ya wuce CSI yanzu. In da hali a rubuta masa sunan maganin na asali a ƴar takarda. A buga wa farmasin maƙwabta waya kafin a sa shi ƙona kuɗin kabu-kabu. Kowa yana WhatsApp, rukuni ɗaya na masu farmasin gari ya isa a san wa ke da mi.

Ga likitoci da majojin CSI: ku rubuta sunan asali a ordonas, kada ku ɗaure marar lafiya da sunan kamfani ɗaya. Kuma lokacin ƙaranci, kada a rubuta ƙwaya ga duk mai ɗan ƙurji don a faranta masa. A adana ta ga masu buƙata ta gaske.

Ga Ma'aikatar Kiwon Lafiya da ONPPC, ofishin da ke sayo wa asibitocin gwamnati magani: muna neman abu biyu. Na ɗaya, asiklobir na ƙarin ruwa da na ƙwaya da na ido kada su yanke a manyan asibitocin jihohi da wuraren kula da jarirai, ko da na shafawa zai yanke. Jaririn da birus ta shiga ƙwaƙwalwarsa ba zai jira ayarin Lome ba. Na biyu, a riƙa fitar da jerin magungunan da suka yanke ko suke gab da yankewa, tare da abin da zai iya maye gurbinsu da ranar da ake sa ran isowarsu. A Faransa hukumar magungunansu tana wallafa irin wannan jeri kowa ya gani. Mu ma kowane mako ana fitar da sunayen farmasin da ke gadi, mutane na turawa junansu a waya. Wanda ya iya wancan zai iya wannan, kuma ba ya buƙatar ko dala ta tallafin waje. An rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2024, mun yaba. Amma ordonas ɗin da babu inda za a saye ta, takarda ce kawai.

Ga mu kanmu. Kada mu sayi bututu biyar mu ɓoye don mun ji ana ƙaranci, ɗaya ya isa, kuma a duba wa'adinsa. Wanda ƙurjin ke yawan zo masa, ya je ya ga likita tun yana lafiya, su tsara abin da zai ajiye da yadda zai fara da zarar ya ji tsikari. Kada mu karɓi ragowar bututun aboki. Kafin mu biya kuɗin kowane man shafawa, mu juya kwalin mu karanta ƙananan rubutun, mu da aka sa a lakwal ai don irin wannan rana ce. In ka ga betametazon, klobetazol ko deksametazon, ajiye shi. Mu karanta wa iyayenmu da ba su iya karatun boko ba. In kuma ka sayi magani ka ga kwalinsa ko launinsa ko warinsa bai yi maka ba, kai shi wurin mai farmasi ko ofishin lafiya na gundumarku, kada ka jefar ka yi shiru, don akwai wanda zai sayi irinsa gobe.

Akwai masu cewa da babu gara ba daɗi. A wajen tuwo haka ne. A wajen magani, sau da yawa babun ta fi, in dai an gaya maka abin da za ka yi a madadinta. Ƙanwarmu ta warke, tabon ma ya kusa ɓacewa, yanzu ita ke tsare ƙofar ɗaki ranar sunan ɗan yayarta tana duba bakin masu shiga, ana ta yi mata dariya. Mu dai muna bayanta.

Wanda ya taɓa zagaya gari neman wani magani bai samu ba, ko na mi ne, ya faɗa mana sunan maganin da garin da watan, ba tare da sunan kowa ko na wani farmasi ba. Za mu tattara mu miƙa wa hukumomin lafiya na jihohi, don a ga inda ɗakin ke yoyo. Ku kuma tura wannan rubutu ga duk gidan da ake jiran haihuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana ɗiyanmu. Amin.